Aska Takwas A Kan Rigar Zamani: Ina Haƙƙin Mai Allura?

 Duk wanda ya ratsa shagunan teloli a Zuru gab da Sallah zai ga yayin da ake ciki, wato ɗauko tsohon aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas da tambari da dagi, a ɗora shi a wuyan kaftani ko hannun abayar mata. Wasu 'yan'uwa sun tambaye mu ko wannan bidi'a ce. Amsarmu ita ce, bidi'a a cikin ibada take, tufafi kuwa al'ada ne, asalinsu halacci, kuma aya ta 26 da ta 32 na Suratul A'araf sun lissafa ado cikin ni'imomin Allah ga bayinSa.

Haƙiƙa Zuru ba ta cikin garuruwan da suka yi suna da wannan sana'a. Gidajenta su ne Zariya da Kano da Bida da Ilori, inda ta bunƙasa a ƙarni na 19 ƙarƙashin Daular Sakkwato, lokacin da riga mai aiki take babbar kyautar sarakuna. Da yawa daga masu zayyanar nan malamai ne da almajirai, hannun da ya saba da alƙalami da allo shi ne ya zana askar. Saboda haka gadonmu ne, kuma muna murna da samari suka waiwaye shi.

Iyakokin shari'a sanannu ne. Namiji ba ya sa alharini tsantsa, sai gwargwadon faɗin yatsu biyu zuwa huɗu, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim, ko da yake mafi yawan zaren da ake kira siliki a kasuwa a yau ba alharini ba ne. Kyawun aiki ba ya halatta matsattsiyar riga ga mace. Wanda kuma ya ƙudurta cewa wani zane yana kare shi daga kambun baka ko makami, to ya taɓa tauhidinsa.

Amma abin da ya fi damunmu, wanda ba mu cika jin sa a kan mumbari ba, shi ne haƙƙin mai allura. Keken kwamfuta yana gamawa cikin sa'o'i abin da hannu yake kwashe makonni a kansa. Keken ba haramun ba ne. Haramun shi ne tela ya miƙa wa mai saye aikin inji ya ce na hannu ne don ya ninka kuɗi, wannan algus ne, ɗan'uwan na mai hatsin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, Annabi (SAW) ya tsawatar masa. Sannan ga matar da take zaune a ɗaki tana ɗinkin hula: dillali ya kawo mata zanen da zare ba tare da an yanke lada ba, ta ƙare idonta a kai, in ta gama ya ba ta abin da ya ga dama, wani lokaci ma sai bayan Sallah. Shi kuwa wanda ya sa hular yana sahun gaba a masallaci! Mu tuna kuma cewa tun da masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran suka bi bayanta, shaddar da muke sawa daga Ostiriya da Sin take zuwa. Abin da ya rage a hannunmu cikin rigar nan shi ne aikin allurar, shi ne kuma muke wulaƙantawa.

Akwai abin koyi a birnin Zariya. A 1994 wasu mata masu ɗinkin hannu suka haɗu cikin ƙungiya mai sunan Sarauniya Amina, suka riƙa ɗora tsoffin zanen nan a kan rigunan mata da kayan adon ɗaki, har kayansu suka kai Amurka, suna aikin a cikin gidajensu.

A ƙasar Zuru muna da zawarawa da matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Danko-Wasagu da Sakaba. Muna kira ga makarantun Islamiyya na matan aure da su ware sa'a guda a mako, a ɗauko gwanaye su koyar da ɗinkin hula da wuyan riga. Kwamitocin masallatai kuma su zauna da shugabannin teloli a kan abu uku: a yanke lada kafin a zura zare a allura, a rubuta shi tare da ranar biya, kuma kowace riga a faɗa wa mai saye ko ta hannu ce ko ta inji.