A Tuna da Malaman Wasanni

Malam Edita,

Ka ba ni fili in tuna da marigayi malaminmu na wasanni, wanda ya koya mana ƙwallon kwando a sakandare a Gumel. Filinmu turɓaya ne, kwandon kuwa maƙeri ya lanƙwasa shi, amma malam ba ya fashin atisaye. Ko ranar Alhamis, da rabinmu ke zillewa kasuwar Maigatari, yana nan da usur ɗinsa. Wanda ya faɗi jarrabawa kuwa, sai benci.

Aikin irin waɗannan malamai ba ƙarami ba ne: a Zariya, koci Oliver Johnson ya horar da Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Namu malamin ko allon suna bai samu ba.

Ina roƙon ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar su shirya gasar makarantu domin tunawa da irinsa. Allah Ya jiƙansa.

Naka,
Tsohon ɗalibi, Gumel.