Kwamfutar da ba ta yarda a goge ta

Da zarar hunturu ya kama, iskar da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ba ta ƙyale komai a Kano, Damagaram ko Maiduguri, kuma laftof na cikin abubuwan da suka fi shan ta. Ƙura ta shige tsakanin madannai, ta haɗu da maiƙon yatsa da ɓurɓushin ƙosai, kafin wata biyu harafi ɗaya ya fara maƙalewa. Gogewa ta zama dole ke nan. Sai dai kwamfuta ba ta bambanta ƙyalle da yatsa. A Windows, idan ƙyalle ya taɓa Shift sau biyar a jere, sai wani akwati ya faɗo yana tambaya. Idan ya haɗa Shift da Delete, sannan ya bi ta kan Enter, takardar da aka zaɓa ta tafi ba tare da ta biya ta kwandon shara ba. Faifan yatsa da ke madadin maus kuwa yakan ja fayil ya jefa shi inda mai shi zai kwana yana nema. A ganina laifin na masu ƙera na'urar ne, domin sun hana mu hanya mai sauƙi ta rufe mata kunne na minti biyar.

Tsohuwar shawara ita ce a kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare caja, sannan a goge. A yawancin na'urorin Windows wannan na aiki har yau. Amma dubi Apple. Tun 2016 MacBook Pro ke kunna kanta da an ɗaga murfi ko an jona ta da wuta, daga 2018 kuma danna kowane maɓalli ko faifan yatsa ya isa ya tashe ta. Kamfanin da ke cewa a kashe kafin a goge, shi ne ya ƙera na'urar da shafar farko ke farkar da ita. A 2025 ya bayyana wani umarni da za a rubuta don hana ta tashi idan an buɗe murfi ko an sa caja, amma bai taɓa batun madannai ba, wanda shi ne ainihin damuwar mai gogewa.

Wani zai ce ai sai a kulle fuskar kwamfutar, Windows da L, ko Control da Command da Q a Mac. Dabara ce mai amfani, amma rabin magani ce. Haruffan da ƙyalle ke dannawa suna zuba ne cikin gurbin kalmar sirri, kuma duk lokacin da Enter ya danne, an ƙirga kuskure ɗaya. Sababbin Windows 11 sukan rufe asusu na minti goma bayan kuskure goma, Mac ma tana sa mutum jira idan kuskure ya yi yawa. Wani kuma zai nuna manhajoji irin su KeyboardCleanTool, masu toshe madannai na ɗan lokaci. Suna aiki, ba musu. To amma kafin irin wannan manhaja ta yi aikinta sai an ba ta izinin tsayawa tsakanin yatsa da kwamfuta, izinin da ɓarawon kalmar sirri ke mafarkin samu. Wanda ya san ta gaskiya ya tsira, wanda ya sauko da jabu ya buɗe wa kura ƙofa don kawai yana son share ƙura.

Masu ganin maganar ba ta taka kara ta karya ba, su tuna da madannan nan masu siffar malam-buɗe-littafi da Apple ya fito da su a 2015. Ƙwayar ƙura kaɗan ta isa ta sa harafi ya ƙi fita ko ya fita sau biyu, har kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, ya kuma amince da biyan dala miliyan 50 a 2022 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Gyaran da ake nema kuwa ba shi da tsada. Laftof da yawa na Lenovo da Asus suna da maɓallin kashe faifan yatsa, injin wanki ma yana da makullin hana yara taɓawa. Me zai hana a ƙara ɗaya na madannai, wanda maɓallin wuta kaɗai zai buɗe?

Kafin masu ƙera na'urar su ji kira, mai laftof ya adana aikinsa, ya rufe komai, ya kashe ta. Idan irin mai farkawa ce, ya bar ta a kulle, ya goge Enter daban a ƙarshe. A karkata ta a kakkaɓe da burushi mai laushi ko bulowar hannu irin ta masu gyara, ba da iskar baki mai tafe da yawu ba. Sannan a ɗan jiƙa ƙyalle marar gashi da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 70, a matse shi sosai, kada a fesa komai kai tsaye kan madannai, kuma a bar su su bushe kafin a rufe murfi.