Warin hayaƙin tsohuwar mota: a daina cewa "haka take"

Duk wanda ke zaune a ƙauye ya san kukan tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser tun daga nesa. Su ne ke shiga rairayi, inda motar kwalta ba ta zuwa. Su ke fitar da gero da wake daga ƙauyukan Dakoro da Tanut, su ke kai awaki da tumaki kasuwar Abalak, su ne kuma ke ɗaukar mace mai naƙuda da tsakar dare zuwa gidan likita. Ba mu raina su ba. Da yawa daga cikinsu sun haura shekara 30, har yau suna ciyar da gidaje.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne warin hayaƙin da fasinja ke shaƙa tun daga tasha har inda za shi. Idanu su yi ja, kai ya yi nauyi, tufafi su kwana suna wari. In an yi magana, sai direba ya ce: "Tsohuwa ce, haka take." Mu kuwa muna cewa ba haka take ba. Tsufa daban, ciwo daban. Tsoho mai tari gidan likita ake kai shi, ba a cewa tari gadonsa ne. Motar da ke cika mutane da wari tana da ciwo, kuma yawancin wannan ciwo maganinsa ba ya cin kuɗi mai yawa.

Mu fara da abin da ya fi ba mu tsoro. A cikin hayaƙin mota akwai wata iskar guba da masana ke kira monoksid na karbon. Irinta ce ke fita daga gawayin da aka hura cikin ɗaki rufaffe lokacin ɗari. Ba ta da wari, ba ta da launi. In mutum ya shaƙe ta, sai ta kama jini, ta hana shi ɗaukar iska mai kyau da jiki ke bukata, domin ƙarfin kamunta ga jini ya fi na iska mai kyau sau 200 da ɗoriya. Daga nan sai ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi. Fasinja ya ce zazzaɓi ne ke son kama shi. Uwa ta ce girgizar hanya ce ta sa yaro amai. Direba kuwa ya ce gajiya ce, ya ƙara shayi, alhali ran mutum 20 na hannunsa. Tsohuwar mota mai shan fetur ta fi mai shan gazuwal fitar da wannan guba nesa ba kusa ba, ko da yake hayaƙinta bai kai na gazuwal baƙi ba.

Na gazuwal ma ba lafiya ba ne. A shekara ta 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tabbatar da cewa hayaƙin gazuwal na haddasa ciwon daji na huhu. Wannan ba ciwon tafiya ɗaya ba ne. Na mai shaƙa kullum ne: direba, da yaron mota, da makanike, da ƴan matan da ke yini suna talla a tasha.

Ashe ke nan wari gargaɗi ne. Inda wari ya samu ƙofa, gubar da ba ta wari ta shiga tare da shi. Shi ya sa muke cewa turaren da ake ratayawa gaban direba ba magani ba ne, rufe bakin mai gargaɗi ne kawai. Rawani da gyale ma suna tare ƙura, amma ba su tare wannan iska.

To, ta ina hayaƙi ke shiga? Aikin salansa, wato bututun hayaƙi, shi ne ta ɗauko hayaƙin daga inji ta kai shi can baya, waje da mota. A hanyoyinmu, salansa ce ke fara shan wahala. Kututture ya doke ta, dutse ya lotsa ta, girgiza ta tsinke maratayinta. Sai a naɗe wurin da ya fashe da gwangwanin tumatir, a ɗaure da waya, a ce an gyara. Wata motar ma wutsiyar salansar ta faɗi tun bara, hayaƙi na fita daidai ƙarƙashin inda mata da yara ke zaune.

Gano wurin yoyo ba shi da wuya. Da safe, a fili, kafin inji ya yi zafi, a tada mota. Mutum ɗaya ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, wani ya saurara. Inda ta fashe za a ji tana huci. A duba kuma mahaɗai: duk inda aka ga baƙin kunkunniya, nan hayaƙi ke fita. A lura sosai da inda bututun ya haɗu da inji, domin yoyon wurin shi ne ya fi kusa da hancin direba. Gyaran na mai walda ne, ko a canza yankin da ya ruɓe, a sa sabon marataya. Wutsiyar kuma ta fito har waje da jikin mota. Sai dai a kiyaye: ba a yin walda kusa da tankin mai.

Bayan salansa, sai ƙasan mota. Tsatsa na huda inda direba ke aza ƙafa. Robar da ke kewaye da sandar giya na yagewa, robar ƙofar baya na bushewa ta faɗi. Kowace huda ƙofa ce. Guntun ƙarfe da guntun tsohuwar roba sun isa su toshe da yawa daga ciki. Akwai kuma wani ɗan tiyo da ke fitar da tururin baƙin mai daga inji. In ya tsage ko an cire shi, warin ƙonannen mai na cika gaban mota.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. In zafi ya yi, mukan ɗage tamfol ta baya ko mu buɗe ƙofar baya, mu ce a sha iska. Alhali mota in tana tafiya, iskar bayanta juyawa take yi, tana komowa ciki. Ku dubi yadda ƙura ke rufe na zaune a baya, ta bar na gaba. Hanyar da ƙura ta bi, ita hayaƙi ke bi. Abin da ya dace shi ne a rufe baya, a buɗe gaba da gefe, iska ta shigo daga inda babu hayaƙi.

Akwai halaye kuma da ba su bukatar ko dala. Direba ya bar inji na kuka awa guda a tasha, mutane na zaune cikin mota. Wani don batirinsa ya mutu ne, yana tsoron in ya kashe ba ta tashi. Wani kuwa, mun san shi, dabara ce don fasinja su zaci yanzu za a tafi. Na farko ya gyara batir, na biyu ya ji tsoron Allah. In mota ta kafe cikin rairayi, mata da yara su sauka su tsaya gefen da iska ke fitowa, masu turi kuma su kauce wa bakin salansa, domin a lokacin ne inji ke aman hayaƙi mafi yawa, mai turi kuma na jan numfashi da ƙarfi. Kada kowa ya kwanta cikin mota ko ƙarƙashinta inji na aiki, ko da ɗari ya kai yaya. Kada kuma a ɗaure rago ko akuya kansa na fuskantar hayaƙi. Huhunsa irin namu ne.

Yanzu mu koma ga injin kansa, domin nan warin ke tasowa. Launin hayaƙi na faɗin ciwon.

Baƙin hayaƙi na nufin mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A ƙasar ƙura irin tamu, abin da za a fara dubawa shi ne matacin iska. Tsofaffin Land Rover na da mataci mai tukunyar baƙin mai: a zubar da man da ya zama taɓo, a wanke tukunyar, a zuba sabo daidai alama. Mataci na takarda kuwa ba a wanke shi da ruwa; a kakkaɓe a hankali, in ya gaji a canza. Lokacin hunturu, a duba shi kowane mako. Masu cire shi gaba ɗaya don mota ta "numfasa", rairayi suke ba injin ya ci. In mataci na da kyau amma baƙin bai daina ba, sai a kai bakunan da ke fesa gazuwal, wato anjektar, wurin mai gwada su. Muna roƙon makanikai su daina buɗe famfon mai fiye da ƙa'ida don direba ya ce yana son ƙarfi. Ƙarfin da ake samu kaɗan ne, sauran man hayaƙi yake zama. Kaya fiye da kima ma haka. Mai mota ya sani: baƙin hayaƙin nan gazuwal ne da ya biya kuɗinsa, bai yi masa aiki ba.

A motar fetur, in salansa na warin ɗanyen mai, a duba buji, wataƙila ɗaya ya mutu, a kuma daidaita karburato. In kuwa ana jin warin fetur mota na kashe, wannan yoyo ne, kuma maganar gobara ce. Ba a tafiya sai an gyara.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne inji ke ƙonawa, domin zobban fistan sun cinye. Wannan gyara na da tsada, ba mu ɓoye ba. Farin hayaƙi na ɗan lokaci da sanyin safiya ba kome ba ne. Amma in bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ruwan radiyato kuma na raguwa, to ruwa ne ke shiga inji. In fari ne mai yaji a ido, gazuwal ne ke fita bai ƙone ba. Af, ga kuma termosta, ɗan ƙarfen da ke tsare zafin inji daidai. Makanikai da yawa na jefar da shi, wai ƙasarmu na da zafi. Injin da ba shi da shi yana daɗewa bai ɗumama ba, injin sanyi kuwa ya fi hayaƙi da wari.

Sai mai. Tun shekara ta 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke tace man ƙasarmu, amma gidan mai bai kai kowane ƙauye ba. Direban daji dole wata rana ya sayi na kwalba ko na jarka a bakin hanya. Irin wannan mai yakan zo da ruwa, ko ƙasa, ko gaurayen kananzir, kuma shi ke kashe anjektar. In babu makawa, a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, a riƙa canza matacin mai a kan lokaci.

Ko an yi duk wannan, tsohuwar mota ba za ta koma kamar sabuwa ba. Motocin zamani na da wata tukunya cikin salansa, katalizar, mai rage guba kafin ta fita. Tsofaffin ba a yi su da ita ba. Wanda tasa ke da ita, kada ya yarda a yanke a sayar. Abin da muke nema ga tsohuwa shi ne ta rage hayaƙi, abin da ya rage kuma ya fita baya, kada ya shiga wurin mutane.

Nauyin nan na mai mota ne da farko. Sau da yawa yana zaune a birni, yana jiran kuɗin mako, direba na tsoron ya ce a tsaya gyara. Muna ganin sandikan direbobi na da abin yi a nan. Su ke tsara layi a tasha, su ke karɓar kuɗin lodi. Leƙa ƙarƙashin mota kafin a yi mata lodi ba zai ci minti 5 ba. Motar da salansarta ta yanke, ta jira layi sai ta gyara. Kwamitin lafiya na ƙauye ma ya duba motar da ya saba kira don kai marar lafiya, tunda mace mai ciki da jariri sun fi kowa jin wannan guba.

Mu fasinja kuma, in mutum biyu ko uku suka kama ciwon kai lokaci ɗaya cikin mota, ko yaro ya yi laushi ana tashinsa ba ya tashi, a tsayar da direba nan take. A kashe inji, kowa ya sauka ya sha iska. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko madara. Madara ba ta fitar da wannan guba daga jini. A kai shi gidan likita mafi kusa, ko da ya farfaɗo, cikin wata motar in akwai. In babu, a aza shi gaba, tagogi a buɗe. A faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa cikin mota mai hayaƙi abin ya faru, don kada ya ɗauka zazzaɓi ne.