Aikin Rukuni, Wahalar Mutum Ɗaya

A zangon karatun da ya gabata na raba ɗalibaina rukuni-rukuni na ba su aiki. Ranar gabatarwa sai na gano cewa a wani rukunin mutum ɗaya ne ya rubuta komai, sauran bakwai kuɗin buga takarda kawai suka haɗa. Suna da zauren WhatsApp, amma abin da ke cikinsa bai wuce gaisuwa da "an gama?" ba.

Ban ɗora musu laifin duka ba. Don hira aka ƙera WhatsApp. Saƙo yana danne saƙo, kyakkyawan tunani ya nutse kafin gari ya waye.

Tun shekarun 1980 Marlene Scardamalia da Carl Bereiter suka duƙufa a Toronto ta Kanada kan yadda kwamfuta za ta taimaki aji ya gina ilimi tare. A manhajarsu CSILE, wadda daga baya ta zama Knowledge Forum, ɗalibi yakan buɗe rubutunsa da "ra'ayina shi ne" ko "ina buƙatar in fahimci", abokinsa kuma ya ɗora a kai ko ya nuna inda ra'ayin ya gaza, kowa yana gani.

Bana zan gwada wannan tsari a Google Docs, wanda ke adana tarihin wanda ya rubuta kowane sashe. Maki mafi tsoka zai tafi ga wanda ya gyara tunanin ɗan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wajibi ne malami ya san hannuwan da suka ɗaga.