Ɗan Leƙen Asiri Cikin Rigar Likita

 

Ya 'yan uwana matasa, masu cewa aikin leƙen asiri ba ya son dabaibayin doka, su zo mu duba abin da ya faru a Abbottabad ta ƙasar Pakistan. A shekarar 2011, hukumar CIA ta Amurka ta yi amfani da wani likita, Shakil Afridi, ya shirya rigakafin ciwon hanta na ƙarya, domin a samo ƙwayoyin halittar iyalan Usama bin Laden. Iyaye mata sun miƙa 'ya'yansu da amana, ba su san tarko ba ne.

Da asiri ya tonu, wa ya biya? A 2012 wani kwamandan Taliban ya haramta rigakafin shan-inna a Waziristan ta Arewa, aka kuma shiga harbe masu yin allurar. A 2014 yara 306 suka kamu da cutar a Pakistan. Masu harbin azzalumai ne, jinin yana wuyansu, amma wa ya ba su hujjar da suke yaudarar jama'a da ita?

Za a ce mini ai yaƙi ɗan zamba ne. Gaskiya ne, Musulunci bai hana leƙen asirin abokan gaba ba. Manzon Allah (SAW) ya aiki Huzaifa bin Yaman (RA) sansanin Ƙuraishawa a daren Khandaƙ, ya yi masa iyaka: ya kawo labari, kada ya tayar da su. Huzaifa ya ga Abu Sufyan, har ya ɗana kibiya, sai ya tuna umurnin ya fasa. Dabarar yaƙi daban, cin amana daban. Wanda ya shiga gidanka da sunan magani, da amana ya shiga.

Bayan shugabannin makarantun kiwon lafiya 12 sun rubuta wa Obama ƙorafi a 2013, fadar White House ta sanar a 2014 cewa CIA ta daina fakewa da rigakafi. To amma wannan umurnin cikin gida ne. Abin da shugaban hukuma ya sa wa hannu, wani shugaban zai iya sokewa. Abin da ake buƙata shi ne doka daga majalisa, mai hukunci ga wanda ya keta ta, da kotun da za ta bincika.

Ran yaro amana ne, kuma za a tambaye mu. Wallahu a'alam.