RA'AYINMU: Fiƙihu, Taurari da Ciwon Ido a Teburin Mai Kasafi

A kowace shekara, idan lokacin tsara kasafin kuɗi ya ƙarato, takardu kan taru a teburin daraktoci da manyan sakatarori da mataimakan ministoci a nan Abuja. Mu ƙaddara cewa uku daga cikinsu sun faɗo a gaban jami'i guda. Ta farko daga wani malamin jami'a take, yana neman tallafi don tattara tsofaffin kundayen alƙalai da fatawowin malaman Maliki na ƙarni biyu da suka shuɗe. Ta biyu daga masanin kimiyyar lissafi da taurari, yana son horar da ɗalibai su shiga binciken ɓoyayyen sinadarin da ke riƙe da gungun taurari. Ta uku daga likitar ido, tana son a ƙirga masu fama da hawan jinin ido a ƙauyuka. Ba sai an yi duba ba: jami'in zai sa hannu a ta ukun, idan kuɗi ya ragu, ya tura sauran biyun cikin durowa, yana mai ganin ya yi wa talaka adalci.

Wannan jarida na ganin cewa niyyarsa kyakkyawa ce, amma lissafinsa bai cika ba. Binciken ilimi ba ya zuwa da tambarin amfaninsa a goshi, kuma ƙasar da ba ta biyan kuɗin tambaya sai ta ga amsa a hannu, za ta dawwama tana sayen amsoshin wasu da tsada.

Mu fara da ido, inda babu mai gardama. Tsakanin 2005 da 2007 an gudanar da binciken ƙasa kan makanta a Najeriya, inda aka duba idanun mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Sakamakon ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na wannan rukuni makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13. Arewa maso Gabas ce ta fi yawan masu larurar, da kashi 6.1, yayin da Kudu maso Yamma ke da kashi 2.8. Yanar ido ita ce sanadin kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kashi 84 cikin ɗari na makantar nan ana iya kauce mata ko a warkar da ita. Kafin wannan ƙidaya, tsare-tsaren lafiyar ido na tafiya ne bisa kirdado. Bayanta ne aka san inda ya kamata a kai likitocin fiɗa, da yankin da ya fi bukatar agaji. Yau alƙaluman sun kusa shekara ashirin, yawan jama'a ya ƙaru, tsofaffi sun yawaita, ciwon suga da ke lalata ido yana yaɗuwa a birane. Ma'aikatar da ke tsara aiki da tsohuwar ƙidaya tamkar matafiyi ne mai bin taswirar garin da ya riga ya sauya.

Labarin makantar kogi ya fi wannan darasi. Cuta ce da wani ƙaramin baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu ke yaɗawa. Ta sa ƙauyuka sun tashi daga ƙasa mai albarka, ta bar yara suna jan iyayensu da sanda. A shekarun 1970 wani masanin ƙwayoyin halitta ɗan Japan, Satoshi Omura, yana yawon ɗibar ƙasa daga wurare daban-daban don nazarin ƙananan halittun da ke cikinta. Daga ɗaya daga cikin samfuran nan ne William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka gano sinadarin da aka sarrafa ya zama maganin ivermectin. Da fari ma na dabbobi ne. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da shi kyauta don yaƙar makantar kogi, a 2015 kuma mutanen biyu suka samu lambar yabo ta Nobel. Najeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. Gwajin da Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi a ƙauyukan Jihar Kaduna, wanda aka wallafa a 1993, ya nuna cewa shan maganin sau ɗaya a shekara na rage lalacewar jijiyar gani. A 2018 aka sanar da dakatar da rabon maganin ga mutum kimanin miliyan 2 a jihohin Filato da Nasarawa saboda an katse yaɗuwar cutar, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da ita.

Sai mu tambayi jami'inmu: da takardar Omura ce ta zo gabansa tana neman kuɗin tonon ƙasa a zuba a kwalabe, da ya sa mata hannu?

Wannan tambaya ce ta kai mu ga takarda ta biyu. A 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa gungun taurarin da ke cikin wani babban dandazo mai suna Coma na gudu fiye da yadda nauyin abin da ake gani zai iya riƙe su. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna juyawar gungun taurari, suka tarar taurarin gefe na zagayawa da sauri kusan daidai da na ciki, abin da ba zai yiwu ba sai idan akwai wani nauyi mai yawa da ido bai gani. Masana a yau sun ƙiyasta cewa duk abin da muka sani, daga duwatsu da ruwa zuwa rana da jikunanmu, bai wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da sararin samaniya ya ƙunsa ba, alhali wannan ɓoyayyen sinadari ya kai kimanin kashi 27. Ba ya fitar da haske, ba ya tare shi, ba a sanin yana nan sai ta hanyar janyowar da yake yi wa abin da ke kusa da shi. A Jihar Dakota ta Kudu a Amurka an binne tan-tan na ruwan sinadarin zenon a tsohon ramin haƙar zinariya mai zurfin kusan kilomita 1.5, ana dakon ko ƙwayarsa guda za ta yi karo da shi. Har yau ba a kama ta ba.

Mai karatu na da damar cewa: ina ruwan mai sayen garin kwaki da wannan? Amsa ta gaskiya ita ce ba mu da tabbacin ɓoyayyen sinadarin zai taɓa sauke farashin mudu. Amma hanyar nemansa tana haifar da mutane da kayan aiki. A cibiyar binciken ƙwayar zarra ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ne Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, don kawai masana su riƙa musayar bayanai. Da shi kuke karanta wannan sharhi. Haka kuma masu nazarin taurari ne suka fara tunanin madubi mai lanƙwasa kansa don gyara dishi-dishin da iska ke jawo wa hoton tauraro, shawarar da Horace Babcock ya kawo a 1953. A 1997 masu bincike a Jami'ar Rochester suka juya wannan dabara zuwa cikin idon ɗan Adam, har aka kai ga ganin ɗaiɗaikun ƙwayoyin gani a tantanin bayan idon mai rai. Ashe takarda ta biyu da ta uku 'yan gida ɗaya ne.

Ba muna cewa Najeriya ta haƙa nata ramin zenon ba. Abin da ake bukata ya fi wannan sauƙi ƙwarai: guraben karatun digiri na uku, kwamfutoci masu ƙarfi, wutar lantarki da intanet da ba sa yankewa, da kuɗin shiga ƙawancen bincike. Ghana ta mayar da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na'urar sauraron sararin samaniya a 2017, kuma tana cikin ƙasashen Afirka takwas da ke ƙawance da Afirka ta Kudu a babban aikin SKA. Najeriya, mai hukumar sararin samaniya tun 1999 da cibiyar nazarin taurari a Nsukka, ba ta cikin takwas ɗin. Matashin da ya koyi tace biliyoyin bayanai don gano motsin tauraro, shi ne gobe zai iya tace bayanan haraji, na hasashen damina, ko na ma'aikatan bogi.

Takarda ta farko kuwa, wadda aka fi saurin yi wa kallon aikin tsofaffi, ita ce ta fi kusa da ofisoshinmu. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardun lamuni na Sukuk karo na farko, na naira biliyan 100, aka zuba kuɗin a manyan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. Allunan da ke ɗauke da sunan Sukuk na nan a bakin tituna. Tsarin da aka gina su a kai, wato ijara, babi ne da malaman fiƙihu suka yi ƙarnoni suna tattauna sharuɗɗansa. Ba domin an samu masu bin diddigin waɗannan littattafai su daidaita su da dokokin kasuwar hannun jari ba, da babu wannan ƙofa ta samun kuɗi, kuma Musulmi da Kirista duk suna bin hanyoyin.

Akwai kuma batun zaman lafiya. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta gayyaci kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda shawararsa ta kai ga dokar hukunta laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960. Daga 1999 Jihar Zamfara ta buɗe sabon babi, jihohi 12 suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci. Muhawarar da ta biyo baya ta ci rayuka, kuma galibin masu ɗaga murya a ɓangarorin biyu ba su san yadda alƙalan Kano ko Borno ko Ilorin suka riƙa yanke hukunci a aikace ba, kan gado da filaye da bashi da haƙƙin mata da na baƙi. Amsar tana kwance a kundayen da ke Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da akwatunan gidajen malamai inda gara da laima ke cinsu a hankali. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban mai mulki, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami kan tsarin shugabanci da shari'a. Abin da ya faru a Timbuktu a 2013, lokacin da 'yan bindiga suka ƙone dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmad Baba, ya isa gargaɗi. Takardar da ta ƙone ba ta da kwafi a kasuwa.

Magabata ma ba su gina katanga tsakanin waɗannan fannoni ba. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, alƙali ne, mawallafin Bidayatul Mujtahid, kuma likita. Ibn Nafis, da ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu, malamin fiƙihun Shafi'i ne da ya rubuta littafi kan maganin ido. Ibn Haisam ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ya kuma yi rubutu kan taurari. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce kan magani har da ciwon ido. 

Muna sane da cewa aljihun gwamnati ba rijiya ba ne. Akwai albashi, akwai tsaro, akwai bashi. Amma tun a 1980, a Legas, shugabannin Afirka suka amince da burin ware kashi 1 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa ga kimiyya da fasaha, Tarayyar Afirka ta sake jaddada shi daga baya, kuma har yau ba mu kusanci mizanin ba. Yajin aikin malaman jami'a na wata 8 a 2022 ya nuna yadda ake rufe ɗakin gwaji kamar shagon tireda, alhali samfurin da ya lalace a firiji ba ya jiran sulhu.

Don haka muke kira da abubuwa huɗu. Na ɗaya, a keɓe wani kaso tabbatacce na Asusun Binciken Ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund ga binciken da ba a sa ran ribarsa nan take, har da tarihi da shari'a, kuma masana fannin ne za su tantance, ba wanda ya san wani ba. Na biyu, a riƙa bayar da tallafin na shekara 3 zuwa 5, a saki kuɗin a kan lokaci, domin bincike ba ya bin kalandar kasafi, kuma a sauƙaƙa fito da kayan gwaji daga tashar jiragen ruwa. Na uku, a sake gudanar da ƙidayar makanta ta ƙasa, tare da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa. Na huɗu, a ƙaddamar da shirin ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da jera su, bisa yardar iyalan da suka gaje su, ba tare da an raba su da kayansu ba. Su ma masu binciken akwai nasu nauyin: su yi bayanin kowace naira, su kuma fassara sakamakonsu cikin harshen da mai biyan haraji zai fahimta.

Kalmarmu ta ƙarshe ga ma'aikata da mataimaka ce. Minista kan zo ya tafi, amma ku ne kuke rubuta ɗan taƙaitaccen bayanin da ke saman fayil, kuma sau da yawa layi biyun nan ne ke raya aiki ko binne shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Dattijon da ke ganin jikokinsa yau a wani ƙauyen Nasarawa bai san sunan wanda ya amince da kuɗin tonon ƙasa a Japan shekara hamsin da suka wuce ba, amma wani ne ya sa hannun. Idan takardun nan uku suka zo gabanku a bana, ku karanta su duka kafin ku buɗe durowa.