Ba kowane "Ministry" ne hidimar Ubangiji ba

'Yan'uwa matasa na Rano da Kibiya, ku kula da abin da ake tura muku a waya. Akwai tsohuwar ƙungiyar mawaƙa ta Shikago a Amurka mai suna Ministry, kiɗansu kamar ƙarar injin niƙa. A 2024 suka fitar da sabon faifai, Hopiumforthemasses. Sunan kamar na coci, har faifansu na 1992 ana kiransa Psalm 69, alhali a cikinsa sun mai da sunan Yesu abin wasa. Zabura 69 ta gaske kukan Dawuda ne ga Allah.

Wani zai ce, "Ai kiɗan kawai nake ji, ba na jin Turancin." To, bakin da ke maimaita waƙar na wane ne? Ku gwada kafin ku karɓa (1 Yohanna 4:1).